Ƙananan motocin ƙarfe na ajiya: fenti ya yi ƙuraje, taya na danƙo, ina mafita a yanayin Zariya?

Ɗan Gyallesu

Assalamu alaikum. Masana ƙananan motocin zubi, ina neman haske. Akwai guda biyu na gwanjo a hannuna, Lamborghini Countach da Ferrari Testarossa, duka ma'aunin 1:18, wato kashi ɗaya cikin 18 na tsawon motar gaske, babu kwalinsu. Countach ɗin fentin rufinta ya yi ƙuraje ƙanana kamar na zafi, ƙofar hagu kuma ba ta zama daidai in an rufe. Testarossa tayoyinta na danƙo, har sun bar shaida a kan katakon da take kai, sannan madubinta na gefe ɗaya ne tak.

Shin ƙurajen nan su ne ciwon ƙarfen da ake cewa ba ya jin magani? Kuma wane irin wurin ajiya ya dace da mu a nan, ga hunturu na ƙaratowa? Ina da niyyar ƙara Lamborghini Miura da Ferrari F40 da McLaren F1, amma ba na so in zuba kuɗi a abin da zai ruɓe a kan kantar ajiya.

Injiniyan Samaru

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka yanke wa Countach ɗin hukunci, raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Ƙurajen fenti daban, ciwon tutiya daban. Na farko muni ne kawai. Na biyu shi ne ajalin motar.

Jikin waɗannan motoci ba baƙin ƙarfe ba ne, shi ya sa maganaɗisu ba ya kama su. Gauraye ne da ake kira zamak: tutiya ce mafi yawa, sai alminiyom wajen kashi 4 cikin ɗari, da ɗan maganiziyam da jan ƙarfe. Ana narka shi a zafin da bai kai digiri 400 ba, inji ya tura shi da matsi cikin mazubi na ƙarfe. Dangin aikin masu zubin tukunya ne, sai dai su a yashi suke zubawa. Tun 1929 da aka fito da zamak, sharaɗinsa shi ne tutiya mai tsarkin kashi 99.99, domin dalma ko kuza kaɗan suka shiga, sun gama da shi. Dalmar da aka yarda da ita ba ta wuce kashi 0.005 cikin ɗari ba. In aka zuba ragowar ƙarfe mai datti a tukunyar narki, dalmar kan taru a tsakanin ƙwayoyin ƙarfen, danshi ya bi ta wannan hanya, ƙarfen ya fara ci daga ciki yana kumbura yana tsagewa. Ya fi yawa a kayan wasan da aka yi daga shekarun 1930 zuwa na 1950, amma ya sake ɓullowa a wasu na shekarun 1990 da 2000, kuma ba ya duba tsadar mota.

Ga yadda za ka gane. Ninka tawul, ka kifa motar a kai yadda nauyi ba zai hau madubi ko fiffiken baya ba. Kwance sukurorin ƙasa. Yawanci huɗu ne zuwa shida, wani lokaci ana ɓoye ɗaya a bayan taya ko ƙarƙashin salansa, don haka in ka ji turjiya kada ka finciko, nemi wanda ya rage. Kula da sandar sitiyari, tana saƙale da abin juya tayoyin gaba. Sai ka haska cikin jikin da fitilar waya, wato ɓangaren da fenti bai rufe sosai ba. In ka ga ƙarfen sumul, launin toka, babu tsaga, to matsalarka fenti ce. In kuwa ka ga tsage-tsage kamar ƙasar fadama da rani, ko ginshiƙan da sukur ke shiga sun dare, ko gefen ƙofa na marmashewa da ka sa farce, to ciwon ne. Wata alama mai ƙarfi: ka zo mayar da ƙasan motar ka ga ramukan sukur sun daina haɗuwa. Jikin ne ya kumbura, robar ƙasa kuwa tana nan yadda take.

In ciwon ne, babu fenti, babu gam, babu mai da zai tsayar da shi. Bushewa da sanyi suna jinkirta shi, shi ke nan. Amma ba ya yaɗuwa zuwa motar kusa, duk da ana kiransa ciwo. Cire tayoyi, gilasai, kujeru da inji ka adana, za su yi amfani a wata.

Ƙurajen fenti kuma daga ƙananan ramukan iska ne da ke cikin zubin, ko kuma ba a wanke jikin da kyau ba kafin a fesa. Zafi ya zo, abin da ke maƙale a ƙasa ya tura fentin sama. Shawarata ka bar su. Akwai masu gogewa da sanfefa mai lamba 2000 zuwa 3000 da ruwa, su bi da man goge fentin mota, amma fentin nan siriri ne ƙwarai, kafin ka ankara ka kai ga ƙarfe a kan kusurwa, kuma Countach duk kusurwa ce. Gyaran gaskiya shi ne a kankare duka, a fesa fentin shimfiɗa mai kama tutiya, a sake launi. Motar za ta yi kyau, amma darajarta wajen masu tarawa ta faɗi.

Ƙofar kuwa, duba sukur ɗin hinjinta tun da ka riga ka buɗe. Sau da yawa kwata ɗin juyi ya isa. Kada ka lanƙwasa hinjin da fulaya, zamak ba ya lanƙwasuwa sosai, karyewa yake.

Mai Shogilas

Injiniya ya gama da ƙarfe. Bari in ɗauki taya da wurin ajiya, don a Zariya nan ne ake asara, ba a wajen saye ba.

Tayoyin yawancinsu robar PVC ce da aka sa wa wani mai don ta yi laushi. Da shekaru, musamman da zafi, man yana fitowa, kuma yana narkar da abin da ya taɓa: wilin roba, banishin katako, har faifan roba da ake ɗaure motar a kai. Shaidar da ka gani a katako ke nan. Jiƙa tayar a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, minti biyu ko uku, ta yi laushi ka zare ta daga wili. Wanke da sabulun wanke-wanke na ruwa, ɗauraye, bar ta kwana guda a inuwa. Duba gefen wilin. In ya fara laushi, kankare wurin a hankali, ka naɗe da siririn tsiri na takardar alminiyom ta girki kafin ka mayar da tayar, don su daina taɓa juna. Danƙon zai iya dawowa, sai a maimaita. Kada ka shafa basilin, baƙin mai, ko abin sheƙin tayar mota. Man birki kuwa fenti yake ci.

Motar ta zauna a kan gilashi, ba a kan fenti ko banish ko leda ba. Ka yanka ɗan katako busasshe ko kwali mai kauri, ka tura ƙarƙashin tsakiyarta yadda tayoyin za su taɓa ƙasa da ƙyar. Wannan yana hana taya lotsewa, yana hana sifirin sarewa a masu sifirin.

Yanayinmu uku ne, kowanne da ɓarnarsa.

Hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko farkon Maris: ƙurar nan garin dutse ce mai laushi. Ka sa busasshen tsumma ka goge, ka yi wa motar sanfefa da hannunka, kuma baƙin fenti da gilashin roba su ne ke fara nunawa. Fara da hurawa, da famfon robar nan na masu kamara. Sai burushin hoda na kwalliya, sabo, mai laushi. In da saura, tsumman goge tabarau da ɗigon ruwa, ka dangwala ba tare da murzawa ba. Ka kauce wa waifa, eriya da tambari, su ne ke maƙalewa a tsumma su tafi.

Bazara, Maris da Afrilu: ɗakin kwano marar silin, ko saman kabad kusa da rufi, yana wuce digiri 40. A nan gam ke saki, taya ke zubar da mai, ƙuraje ke ƙaruwa. Zaɓi bangon da ranar yamma ba ta dukansa, nesa da taga. Rana kai tsaye tana kashe jan fenti, tana mayar da fari ruwan ɗorawa. Kada a bar kwalin mota a but ko kan dashbod ko na awa biyu ne.

Damina, musamman markar Agusta: danshin ɗaki kan haura kashi 80, ciwon tutiya kuwa ya fi gudu da zarar an wuce wajen 65. Sayi ƙaramar na'urar auna danshi mai batir ka ajiye a ciki. Abin nema shi ne 40 zuwa 55. Silika jel, ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin takalmi da na magani, ana sayar da su da yawa. Ga shogilas mai tsayin mita ɗaya da rabi, fara da giram 300 zuwa 500 a buɗaɗɗen faranti a kantar ƙasa, ka ƙara in na'ura ba ta sauka ba. Ɗauki mai launin ruwan lemo da ke sauya launi in ya ƙoshi. Mai shuɗi yana da sinadarin kobal, ba abin barin inda yara suke ba ne. In ya sauya, a gasa shi a oben a digiri 110 zuwa 120 na awa biyu, a farantin da ba na abinci ba. Da hunturu ba ka buƙatarsa, iskar kanta ta bushe fiye da kima.

Shogilas ɗin, masu gilashi da alminiyom na Sabon Gari ko Tudun Wada za su haɗa maka, amma ka faɗa musu abin da kake so, don in ka bar su irin na shagon kek za su yi. Ƙofa mai hinji, ba mai zamiya ba, saboda tazarar tsakanin gilasai biyu ƙofar ƙura ce. A zagaye bakin da roba ko burushin nan da suke sa wa taga. Kanta gilashi mai kaurin milimita 6, faɗi santimita 80 zuwa 90, zurfi 30. Tana ɗaukar uku na 1:18 a jere. Tsakanin kanta da kanta 16 zuwa 18, don ƙofar Countach sama take tashi.

Abin da kusan kowa ke mantawa: silikon da ake like gilashi da shi, mai warin nan mai tsami da ke hawa hanci, asid yake fitarwa yayin bushewa, kuma asid ɗin na cin tutiya. Ko a nemi marar wari, ko a bar shogilas a buɗe mako biyu kafin mota ta shiga. In na katako ne, banish ya sha iska mako uku zuwa huɗu. Fitila LED kaɗai. Kada a jefa kafur a ciki don kyankyaso, tururinsa na laushe wasu robobi. Ranar fesa maganin sauro ko turaren wuta, ƙofa a rufe, domin hayaƙin na barin maiƙo, maiƙon ya kama ƙura, sai ta zama laka.

Baban Kongo

Ƙanena, kada ka yi saurin neman madubi na biyu. Testarossa ta fito a 1984, kuma na farko-farkonta madubi ɗaya gare su, a gefen direba, can sama a tsakiyar ginshiƙin gilashin gaba. Daga baya aka sauko da shi aka yi biyu. Duba ɗaya gefen: in babu rami ko guntun karaya, haka aka yi ta.

Irin wannan sanin shi ke hana a sayar maka da abin da ba shi ba. An yi Countach daga 1974 zuwa 1990, kuma kamanninta sun sauya sosai. LP400 ta farko sumul take, babu kumburi a bakin tayoyi. LP400 S ta 1978 ce ta zo da kumburin da faffaɗan tayoyi. 5000 QV ta 1985 tana da tozo a murfin inji. Ta cikar kamfanin shekara 25, wadda ta fito a 1988, tana da tsage-tsagen shan iska a gefe. Miura, daga 1966 zuwa 1973, an san ta da gashin ido kewaye da fitilun gaba, amma SV ta 1971 ba ta da shi, don haka rashinsa a SV ba naƙasa ba ne. Injinta mai silinda 12 a gicciye yake bayan kujeru. McLaren F1, wadda aka ƙera guda 106 kacal tsakanin 1992 da 1998, kujera uku ce, direba a tsakiya. F40 ta 1987 cikinta fayau, babu kafet, ba rowa mai ƙaramar ya yi maka ba.

Ma'auni lissafi ne mai sauƙi: raba tsawon motar gaske da lambar. F40 wajen mita 4.36 ce, a 1:18 ta zama santimita 24, a 1:24 ta zama 18, a 1:43 ta zama 10, a 1:64 ba ta kai 7 ba. Countach mita 4.14, wato santimita 23. Tafi da awo a aljihu. Kasuwa cike take da masu fitila da ƙara da ja-baya da aka rubuta wa 1:24 alhali ba su kai ba, kuma a ƙasansu babu sunan maƙeri ko na motar. Abin wasan yara ne, a ba yara.

A wurina, wanda ke Zariya ya fara da 1:43. Yawancinsu, irin na kamfanin Minichamps, suna zuwa a ɗaure cikin akwatinsu na roba mai gani, ƙura ba ta da hanya. Sannan kuɗin kawowa. Masu jigilar sama ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, suna ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, su raba da 5000 ko 6000, su fitar da kilon da za su lissafa kuɗi a kai. Motar 1:18 ba ta cika wuce kilo ɗaya ba, amma kwalin 40 da 25 da 20 zai fito kilo 4 in an raba da 5000. A wannan kwalin 1:43 shida ko fiye za su shiga.

In ka nace kan 1:18, matakan kamfanonin da ke ƙera su a bayyane suke. Bburago da Maisto su ne na shiga gari, masu juriya, kuma su aka fi samu a gwanjo. Tsofaffin Bburago da aka rubuta an yi a Italiya suna da manyan hinji da sitika a dashbod, amma suna daɗewa. Sama da su akwai Kyosho, Hot Wheels Elite da AUTOart. CMC na can ƙoli, Ferrari 250 GTO ɗinsu ɓangarori sama da dubu ne. Dalilin da za ka ga Ferrari na shekarun 2000 yawanci Hot Wheels ne shi ne Mattel, mai Hot Wheels, ke riƙe da lasisin Ferrari daga 1999 zuwa 2014, sannan ya koma wa masu Bburago da Maisto. Ka kuma tambaya kafin ka biya: sababbin AUTOart da yawa jikinsu roba ce mai tauri, ba zamak ba. GT Spirit da yawancin BBR kuma rezin ne, wato wata roba da ake zubawa a mazubi ta daskare, ba a buɗe ko ƙofa.

Kafin ka tura kuɗi wa mai sayarwa daga Legas ko Kano ko waje, ya ɗauko hoton rufi da bonet a ƙarƙashin haske daga gefe, nan ƙuraje ke fitowa. Ya nuna ƙasa, madubai, waifa, da kowace ƙofa a buɗe da a rufe. Ya kuma tabbatar motar a ɗaure take da sukur a faifanta. Wadda ke yawo cikin kwali ba ta isowa Kwangila da madubi.

Injiniyan Samaru

Baba, na yarda da lissafin jigila, amma ban yarda a kai Miura da F40 zuwa 1:43 ba. Daɗin waɗannan biyun shi ne ka ɗaga bayan gaba ɗaya ka ga inji, turbo biyun F40 da bututunsu, kafiretocin Miura a jere. A santimita 10 rufaffe, siffa kawai ka saya. Gara uku masu buɗewa da goma sha biyu rufaffu.

Rezin kuwa, gaskiya ne ba ya ciwon tutiya, amma ba na ba wa mai ɗaki marar sanyi shawarar sa. Gilasansa siririyar leda ce da aka manna da gam, Afrilu ɗaya ya isa ya ɗaga gefensu. Akwatin 1:43 ma ba kariya ba ce daga danshi, kuma tayar na zaune kan faifan roba, wato matsalar da Mai Shogilas ya faɗa. A kwance sukur, a sa 'yar takarda ƙarƙashin kowace taya ko washa, zoben nan na sukur, a tsakanin mota da faifai, a mayar.

Ɗan Gyallesu

Allah Ya saka da alheri. Na buɗe Countach, cikinta sumul, ramukan sukur sun haɗu, ƙofar ma ta zauna da na ɗaure hinjin. Testarossa babu rami a ɗaya gefen. Sai dai garin buɗewa gilashin fitila ɗaya ya faɗo. Sufa gulu zai yi?

Mai Shogilas

A'a, Malam, ajiye shi. Tururin sufa gulu yana barin farin hazo a kan roba mai gani da fentin da ke kusa, kuma ba ya gogewa. Farin gam na kafintoci za ka nema, irin Top Bond. Ɗebo da kan tsinken sakace, ɗigo biyu a gefen ramin, ba a fuskar gilashin ba. Ɗora gilashin da ɗan selotef da ka fara mannawa a bayan hannunka don ƙarfinsa ya ragu, goge abin da ya fito da jiƙaƙƙiyar audugar kunne, ka bar shi kwana guda. Yana bushewa garau, kuma in ya karkace, ɗigon ruwa zai sake shi ka gyara.

Ga abin da ke ɗaukar nauyi, kamar fiffike ko madubin ƙarfe da ya karye, Araldite mai bututu biyu ya fi, a kankare fentin wurin haɗin tukuna. Tinar sirka fenti, fetur da abin cire jan farce kada su kusanci motar. In kuma ka sayi sabuwa a kwali, yanke siraran ledojin da ke ɗaure ƙofofi da bonet tun ranar farko, don in suka yi bazara a jikin fenti layinsu ba ya fita. Kwalin da farin soson cikinsa ka adana su a cikin babbar leda da ƙullin silika biyu, a kan kanta, ba a ƙasa inda gara da laima suke ba.